Mun ƙoshi da zaƙi, a ba mu garɗi

Faifan da zan yi rigima a kansa sunansa No. 1, na ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas, ya fito a 2018. Na san da yawa cikin masu riƙe da wannan ɗan littafi ba su taɓa saurarensa daga farko har ƙarshe ba, waɗanda suka gwada kuma sun kashe tun waƙar farko ba ta kai tsakiya ba. Hukuncin da nake ji kullum iri guda ne, daga fadar samarin Gazawa har ɗakunan kwanan ɗalibai: wai hayaniya ce, rikodin bai da tsabta, kamar an ɗauka da salula a gidan biki. Ni kuwa ina cewa abin nan da kuke kira datti shi ne kiɗan. Kunnen da ya kasa jin daɗinsa kunne ne da aka sauya mana cikin shekara ashirin da ƴan kai, muna ji muna gani, har muna biyan kuɗin turi.

Bari in faɗa muku su wane ne tukuna. Ma'anar sunan nasu Taurarin Abzin. Ƴan gida ɗaya ne, wa da ƙane da ɗan baffa, kuma tun 1995 suke kiɗan biki da suna a Agadas da ƙauyukan kewaye. Da suka fara, gita guda gare su, wadda ba ta lantarki ba, gangarsu kuwa ƙwarya ce da aka kifa cikin ruwa ana dukanta da takalmin silifa. Wanda ya taso a gidan da mata ke kiɗan ƙwarya ranar suna ya san wannan amon, ba sai an yi masa bayani ba. Daga baya suka samu gitocin lantarki da ganguna irin na orkes. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ɗan kamfanin faifai da ake kira Sahel Sounds a birnin Portland, shi ya naɗi No. 1, kuma bai kai su situdiyo ba. A waje aka yi, a unguwarsu ta gefen gari, jama'a na kewaye da su.

To, me ake ji a ciki? Abu uku ne ƙashin bayansa: gita mai jan gaba, gita mai riƙe baya, da ganguna. Sai muryoyi, sai jama'a. Mai jan gaba ba ya sauri ya nuna gwaninta. Yana ɗaukar ɗan gajeren zance ne, abin da bai wuce numfashi guda ba, ya yi ta maimaitawa, kowane zagaye ya ɗan karkace shi kaɗan, kamar mai saƙar tabarma da ke sauya launin kaba ba tare da ya sauya hannu ba. Ta bayan tana shiga cikin ramukan da ta gaba ta bari, har ka kasa gane wa ke tambaya wa ke amsawa. Mai ganga kuwa sukuwa yake yi. Ba taku ba, sukuwa, kuma in ka lura waƙar takan ƙare da gudun da ya fi wanda ta fara da shi, don babu wata na'ura da ta riƙe masa linzami. Ampili ƙarami ne an buɗe shi fiye da ƙarfinsa, saboda haka in aka daki tsirkiya da ƙarfi sai amon ya tsage, ya fito da kaushi a gefensa. Cikin wannan duka sai ka ji tafi, ka ji wata ta saki guɗa a inda babu wanda ya shirya mata, ka ji ƴan amshi sun shigo ba daidai da juna ba, wani ya riga wani da ɗan kaɗan. Ka rufe ido ka ji ƙurar filin.

Nan ne ilimin harshe ya yi mini rana, don Hausa ta riga ta raba mana gardamar tun kafin a haife mu. Bahaushe in zai yabi sauti, daga baki yake aro kalma. Yakan ce murya mai zaƙi. Amma yana da wata kalmar daban, garɗi, kuma bai taɓa rikita su ba. Zaƙi na sukari ne da zuma, yana zuwa nan take, yana tafiya nan take, in ya yi yawa ya gundure ka. Garɗi na gyaɗa ne da aka soya cikin yashi, na gasasshiyar masara, na ƙanzo. Sai da wuta ta taɓa abin, sai da haƙori ya yi aiki, garas-garas, kafin daɗin ya fito, kuma ba a gajiya da shi. Mu mutanen Agye da Cadawa da Gazawa, da muke noman ayar da ake lodawa mota-mota ana kaiwa kudu, bai kamata a koya mana wannan ba. Ɗanyar aya zaƙi gare ta. Soya ta, ka ji abin da ya ƙaru. Da Bahaushe bai ga darajar wancan kaushin ba, da bai yi masa suna na yabo ba, har ya ce wane yana da garɗin magana. No. 1 faifai ne mai garɗi. Abin da ke cika memorin salulolinmu kuwa zaƙi ne tsagwaronsa, daga waƙa ta ɗaya har ta ɗari biyu.

Kuma kada wani ya ce wannan son kaushi baƙon abu ne da na kwaso daga karatun boko. Je ka dubi kayan kiɗan kakanninka da idonka. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, tsirkiya guda, amma a kan sandar akwai ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan zobba. Mene ne aikinsa? Ba ya ƙara wa tsirkiya ko da murya ɗaya. An ɗaura shi ne don ya yi zir-zir duk sanda aka kaɗa, ya ɓata tsabtar amon da gangan. Haka masu garaya suke yi. Gangar da ake kaɗa wa manoma a gayya, akwai tsirkiyar da ake gittawa kan fatarta don ta riƙa karkarwa bayan kowane duka. Goge fa? Gashin doki ne ke gugar gashin doki, a saurara a faɗa mini ko akwai wani abu sumul a wannan kukan. Gurmin Haruna Uji ma haka. Wato makaɗanmu sun iya fitar da amo mai tsabta, sun ji shi, suka ga bai ƙoshi ba, suka yi masa yaji. Wanda ya ce ampilin Etran ya lalace don yana zir-zir, sai ya ce kuntigi ma a lalace ake ƙera shi.

Abin dariya shi ne Turawa sai da suka sha wahala kafin su kai inda muka tashi muka tarar. A Amurka cikin shekarun 1960 samari suka riƙa haɗuwa uku-uku, huɗu-huɗu a garejin motar iyayensu, da gita mai araha da ganguna, suna kiɗa ba malami ba situdiyo. Daga nan aka samu abin da suke kira kiɗan gareji. A Landan, a 1964, mai gitar ƙungiyar The Kinks, Dave Davies, reza ya sa ya tsaga takardar lasifikarsa don amon ya fito a yage, kuma da wannan yagaggen amon aka naɗi waƙar da ta fitar da su duniya. Yau kamfanoni na sayar da ƙananan akwatuna da ake takawa da ƙafa, masu tsada, aikinsu kawai su ɓata sautin gita. Su suna biya a ɓata musu. Mu muna biya a goge mana.

Yanzu in zo kan masu gogewar. Ba na kiran sunan kowa, don ba mawaƙi guda ba ne matsalar, tsari ne. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu kan yadda fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙar fim ta zama ita ce kasuwa. Daga baya kwamfuta ta karɓe, tare da na'urar gyaran murya, ototun, wadda aka fitar a Amurka a 1997. Kowa ya san yadda ake yi yau, ko a Kano ko a Maraɗi. Mawaƙi ya shiga ɗan ɗaki, mai kwamfuta ya buɗe kiɗan da ya riga ya haɗa, ya ce ɗora. Gangar ba ta gajiya, ba ta zumuɗi, ba ta jin mawaƙin ya kai wurin da ya kamata a ɗaga masa. Daƙiƙa ta farko da ta ƙarshe gudunsu ɗaya. Kalangun Shata yana sauraron Shata. Kwamfuta ba ta sauraron kowa.

A matsayina na mai karatun harshe, akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Kukan jariri da kukar miya haka. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, tsawon wasalin farko ne kawai tsakaninsu. Tsofaffin makaɗa a kan wannan suke gina waƙa. Gaɓa mai nauyi ta samu wurinta, marar nauyi ta samu nata, kiɗan ne ke bin maganar, shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum a gane. In aka juya abin, aka fara da kiɗan da ya riga ya daskare sannan aka tura kalmomi ciki, dole wani abu ya karye. Ku kasa kunne da kyau ga sababbin waƙoƙi, za ku ji ana jan gajeren wasali don ya cika gurbi, ana haɗiye dogo don ya shiga. Ototun kuma yana fizgar murya zuwa matakin da ya fi kusa, ya share ƴan lanƙwasar da ke tsakani, alhali a cikin lanƙwasar nan ne ake jin wannan Bagobiri ne, wancan Bakatsine, waccan Badamagariya. Na sha sa wa abokai waƙoƙi uku na mawaƙa uku in ce su faɗa mini garin kowanne daga muryarsa. Shiru kake ji. Duka ƴan garin kwamfuta ne.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba da na'ura nake faɗa ba. Mamman Sani na Yamai ya naɗi kiɗan fiyanon lantarki tun 1978, kuma har yau in ka saurara za ka ji mutum ne zaune yana tunani da yatsunsa. Akwai kuma mawaƙan zamani na Hausa da kalmominsu ke da nauyi ƙwarai, waɗanda in ka rubuta baitocinsu a takarda za su tsaya da ƙafarsu. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da sumul ya zama shi kaɗai ne ma'aunin kyau, har yaro ya ji amon tsirkiya ta gaske ya ɗauka lasifikarsa ce ta fashe. Wanda kuma ya ce kiɗa gaba ɗayansa bai halatta ba, wannan wata magana ce daban, yana da malamansa, ba da shi nake ba. Da ku nake, masu kwana da abin sauraro a kunne.

Sai magana ta biyu da ake jefo mini, wadda ta fi ta farko muni: wai kiɗan Abzinawa ne, ina ruwanmu. (Kalmar da ake amfani da ita a fada ba Abzinawa ba ce, kun san ta, kuma kun san yadda ake murɗa baki in za a faɗe ta. Ni na zaɓi wannan.) Na fi mamaki in na ji wannan daga bakin ɗan Tibiri ko Gidan Rumji. Ku tambayi tsofaffin fadar Sarkin Gobir daga ina Gobirawa suka gangaro, su ce muku daga Abzin. Gishirin Bilma da ya shiga miyar kakanninmu a bayan raƙuman ayarin Abzinawa ya zo, su kuma hatsinmu suke lodawa su koma, kuma shekara da shekaru raƙumansu na cin karan gonakinmu da rani suna bar mana taki. Cikin birnin Agadas kuwa, shiga kasuwa ka ji da wane harshe ake ciniki. Hausa ce, da karinta na Agadasawa. Amma waƙar da aka haɗa a Bombay muna karɓarta hannu biyu, mu sauya mata kalmomi mu ce tamu ce, kiɗan Agadas kuwa shi ne baƙo. Wannan ba zancen kunne ba ne, wani abu ne daban, kuma ya kamata mu ji kunyarsa.

Wasu sun fi wayo, sai su ce a'a, ba ƙabilanci ba ne, harshen ne ba mu ji. Madalla. Wa ya ji Indiyanci a cikinmu? Iyayenmu mata sun haddace waƙoƙin fina-finan Indiya baƙi da wasali, suna rerawa a bakin murhu, ba su san ko zagi ake ba. Samarinmu na bin waƙoƙin Legas da Abijan da na Koriya ma yanzu. Akwai wani labari da nake so a kan wannan. A 1963, a birnin nan na Portland da na ambata, wasu samari masu suna The Kingsmen suka naɗi waƙar Louie Louie cikin gaggawa, muryar mawaƙin ta nutse cikin ganguna har ba a gane abin da yake faɗa. Iyaye suka yi zargin batsa ce, hukumar FBI ta buɗe bincike, ta yi wata da watanni tana juya faifan, da sauri da sannu, ta ƙare da cewa ba ta iya gane kalmomin ba. Waƙar kuwa ta game duniya. Ni da nake karatun ma'anar kalmomi ina faɗa muku, waƙa tana isar da rabin saƙonta kafin kalma ta iso. Guɗar da ke cikin No. 1 ba ta bukatar tafinta. Wanda kuma rashin jin harshen ya dame shi da gaske, Tamajak ɗaya ne daga cikin harsunan da ake magana da su a ƙasar nan, kuma akwai ɗan Abalak ko ɗan Cintabaraden a kusan kowane aji na jami'a. Ka saya masa shayi ka tambaye shi.

Magana ta uku ita ce mai ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Wata abokiyar karatu ta ce mini: Turawa na son wannan faifai ne don yana nuna musu Afirkar da suke so su gani, ta ƙura da talauci da tsohon ampili, kuma da Etran sun samu situdiyo mai kyau tun farko da ba su zaɓi tsakar unguwa ba. Ta ce ni ma ina yabon rashi ne don wani Bature ya buga masa hatimi. Akwai gaskiya a ciki. Akwai mai sauraro a Turai da zai fi son ka in ka ci gaba da zama matalauci mai ban sha'awa, kuma ba daidai ba ne a ce sai faifai ya bi ta Portland kafin ɗan Gangara ya ji labarin makaɗan Agadas. Amma a yi lissafi. Daga 1995 zuwa 2018 shekara 23 ke nan. Duk tsawon wannan lokaci wa ke kiransu biki, wa ke rawa, wa ke yi musu liƙi? Ba Bature ba ne. Mutanen unguwa ne suka gina wannan amon da ƙafafunsu, su ne suka koya wa mai ganga inda zai ƙara wuta. Kuma bayan duniya ta san su, suka fitar da Agadez a 2022 da 100% Sahara Guitar a 2024, da kayan naɗi da suka fi na farko nesa ba kusa ba, ba su koma sumul ba. An ji kowace gita tar, amma sukuwar tana nan, kaushin yana nan. Da rashi ne kawai, da samu ya kore shi. Tukunyar ƙasa ma wanda bai da firji ne ya fara ta, amma ba don haka ruwanta ke da daɗi ba.

Ga kuma abin da masu cewa ina ruwanmu ba su sani ba: su can suna da ruwa da mu. Mdou Moctar, wanda yau ake jera sunansa cikin manyan masu gitar duniya, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da ototun da gangar kwamfuta irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ya ji abin da muke yi, ya burge shi, ya ɗauka ya ɗora Tamajak a kai, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula ta bulutut har Mali. Bai ce kiɗan Hausawa ne ina ruwana ba. Ya ci, ya ƙoshi, ya wuce gaba, ya koma ga gita da ganguna na gaske har ya kai ga Afrique Victime a 2021. Mu da muka ba shi aron ototun muna nan inda ya bar mu. A Yamai kuma ƙungiyar Tal National ta nuna tun faifanta Kaani na 2013 cewa Hausa na hawa gitar lantarki daram, tare da Zabarmanci da Fillanci da Tamajak, ba tare da an karya mata wasali ba.

Wani zai ce duk wannan zancen ɗanɗano ne, kowa da abin da yake so. Da haka ne da ban ɓata takardar ƙungiya ba. Ku duba bikin da aka yi na ƙarshe a unguwarku, a Agye ko Sae Sabuwa ko Cadakori. Mutum nawa suka ci abinci daga kiɗan ranar? Mutum guda, mai sono, da janareta da memori. Kuɗin da da ake raba wa mai kalangu da ƴan amshinsa da mai guɗa da sanƙira, yanzu aljihu guda yake shiga, waƙoƙin kuma ba a san amarya a cikinsu ba, sai in gidan masu hali ne da suka aika sunanta situdiyo aka cusa cikin kiɗan da aka riga aka sayar wa wasu amare goma. Tsohon mai goge na nan zaune, ɗansa yana kabu-kabu, don ya ga abin da sana'ar ta yi wa ubansa. Ranar da tsohon ya tafi, hannun ya tafi, kuma babu memorin da ke ajiye hannu. A Agadas ba a yarda an yi haka ba. Can har yau biki yana neman masu gita da ransu da guminsu, shi ya sa yaro ke da dalilin koyo, shi ya sa ƙungiyoyi ke gasa, shi ya sa aka samu Etran da Bombino da sauransu. Ba baiwa ce aka saukar musu daga sama aka hana mu ba. Kasuwa ce suka riƙe, mu muka saki.

Abin da nake so in ji kafin in gama jami'a ba kwaikwayon Agadas ba ne. Kada wani ya naɗa rawani ya ce ya zama Ba'abzine, wannan ma wani sumul ɗin ne. Ina so in ji mutum uku daga Gazawa ko Tibiri: ɗaya da gurmi ko garaya an liƙa mata ƴar na'urar ɗaukar amo an jona da ampili, ɗaya da gita yana riƙe ƙasa, ɗaya da ganga ko kalangu. A bar faifan ƙarfen nan mai zobba a kan sanda, kada a cire don wai yana damun makirfo. A yi waƙa da Hausar da ake yi a tashar Cadawa, da wanga da wagga da duk abin da malamin nahawu zai ja wa jan layi, kan kuɗin taki da bashin aya, kan ɗan uwa da ya tafi Libiya ko Aljeriya shekara uku ba labari, kan ƙauyukan iyaka da suka daina kwana gida saboda ƴan bindiga. Waɗannan maganganun ba sa shiga kiɗan da aka ƙera don fure da zuma, in ka tura su ciki sai su zama abin dariya. Murya mai tsagewa suke bukata, da gangar da za ta iya fusata.

Kayan ba su fi ƙarfinmu ba. Akwai masu gyaran rediyo a kowace tasha a kan hanyar nan daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, kuma wanda ya iya farfaɗo da mataccen sono zai iya jona gurmi da lasifika. Batirin mota da faifan sola guda sun isa maraice ɗaya. Salular da ke aljihunka ta fi abin da aka naɗi manyan waƙoƙin Ɗan Maraya da shi. Faifan kuma yana nan a YouTube da Bandcamp, ga ƴan turi a kasuwa in kun kai musu sunan. Ku sa shi a lasifika, ba a kunne ba, a waje, bayan la'asar, ku ƙure ƙarar, kuma kada a taɓa shi sai ya kai waƙa ta uku. Wanda ya yi haka ya ga har yanzu hayaniya ce, shafin da ke bayan wannan a fitowa ta gaba nasa ne, ya rubuto, amma ya zo da bayanin abin da zobban kuntigi ke yi a kan sanda.